Numfashi Ɗari Tara a Ɗakin Torleif

Ka taɓa ƙirga sau nawa kake jan numfashi a awa ɗaya? Kada ka wahalar da kanka, ga shi a sauƙaƙe: kusan sau goma sha biyar a minti, wato ɗari tara a awa. In kana tsaye kana aikin hannu ma yakan fi haka. Riƙe ɗari taran nan, za mu dawo kanta.

Torleif Brenna bai taɓa ƙirga ta ba, shi da babu abin da ba ya ƙirgawa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tankar madara a kwarinmu da ke tsakiyar Norway, gona arba'in da ɗaya yake zagayawa, kuma ko cikin barci ka tashe shi zai faɗa maka lita nawa kowacce ke bayarwa. Ya san taku sittin da biyu ne daga ƙofar kicin ɗinsa zuwa ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen farfajiya. Ya san faɗin ɗakin mita uku ne, tsawonsa huɗu, taga ɗaya.

Amma ba da madara aka san shi ba. Duk Asabar ta hunturu, yara da manya na ƙungiyar ƙauyenmu sukan ɗaura siki, dogayen allunan zamiyar nan biyu, su yi tseren kilomita biyar ko goma a kan dusar ƙanƙara. Aikin gayya ne, kowa da nasa: wasu na toya wafal, wata irin wainar fulawa, wasu na riƙe da agogo, wasu na dafa gahawa. Na Torleif shi ne shafa wa ƙasan allunan kaki don su yi santsi. Hunturu ashirin da tara ya yi yana wannan aiki a ɗakin nan nasa, ba a taɓa biyansa da abin da ya wuce wafal biyu da cukui ba.

Sirrin aikin yana cikin wata farar hoda mai sinadarin da ake kira fuloro. Zai barbaɗa ta a ƙasan allo, ya ɗora dutsen guga mai zafin digiri ɗari da saba'in, ya ja shi a hankali har ta narke. In ta huce a bi ta da buroshi sau arba'in. Ranar da ƙanƙara ta jiƙe, wannan hoda kan rage wa ɗan tsere daƙiƙa goma a kilomita biyar, kuma a wurinmu daƙiƙa goma ita ce tsakanin wanda za a buga hotonsa a jarida da wanda uwarsa kaɗai za ta tafa wa.

Dokoki biyu Torleif ya kafa wa kansa.

Ta farko: ƙofa a rufe, taga a toshe da kwali. Dalili kuwa Halvard Moen ne, mai shafa wa ƙungiyar tsallaken kogi. Benci ɗaya suka zauna a firamare, kowanne ya halarci bikin ɗan'uwansa, amma in hunturu ya shigo babu amana. Halvard yakan biyo ta farfajiyar da sassafe wai ya zo aron tsani, idonsa na kan gwangwanaye.

"Torleif, me ka shafa yau?"

"Man shanu."

"Shi ya sa yaranku ke tafiya kamar shanun."

Ta biyu: hanci. Torleif bai yarda da lambar da ke jikin dutsen guga ba. Yakan sunkuya, fuskarsa kamar taƙi ɗaya daga allon, ya shaƙi siririn hayaƙin da ke tashi. In ya ji wani ƙauri mai ɗan zaƙi, hoda ta narke daidai. In ya koma ɗaci, ta ƙone. Duk kwarin an san hancin Torleif. Shekarun baya ƙungiya ta saya masa takunkumi mai matatun iska biyu, irin na masu fenti. Ya sa shi ranar Asabar ɗaya, ya ƙona alluna uku saboda ba ya jin ƙanshin komai, ya cire ya rataye shi a kan ƙusa. A nan ya zauna. In ya dawo gida da yamma yana rawar sanyi, ƙirjinsa a ɗaure, matarsa Gunvor takan ce mashassharar Asabar ce ta zo, ta miƙa masa bargo. Kafin Litinin ta wuce, sai a manta.

Yana kuma da littattafai, guda ashirin da tara, kowane hunturu da nasa. Ranar kaza, sanyi digiri kaza, ƙanƙara sabuwa ko tsohuwa, hoda kaza, alluna nawa, awa nawa, wa ya zo na ɗaya. Ko Gunvor bai taɓa bari ta buɗe su ba.

Mutum ɗaya kaɗai ke da izinin shiga ɗakin: 'yarsa Ingunn. Tana da shekara goma sha huɗu ta goce a gwiwa, ta bar tsere, sai ta koma hannun damansa. Shi da dutsen guga, ita da buroshi. Tana gogewa farar ƙura na tashi, tana sauka a girarta, su yi dariya ya ce ta tsufa kafin uwarta. Har ta tafi birni karatun koyarwa, duk Asabar sai ta dawo. Hunturu goma sha ɗaya. A kowane shafi da ta yi aiki, Torleif yakan rubuta harafin farko na sunanta a gefe, don alfahari.

Sai aka hana hodar a gasa. An ce sinadaran da ke cikinta ba sa ruɓewa, a ƙasa ko a ruwa ko a jikin mutum. Torleif ya yi gunaguninsa, ya jera gwangwanayen a kan kanta, ya koma kakin da babu fuloro. A ganinsa magana ta ƙare.

Shekara biyu bayan haka, a watan Oktoba, aka aiko wa ƙungiyoyi takarda cewa masu bincike suna neman tsofaffin masu shafa kaki su ba da jini a auna. Ba don Halvard ba da bai je ba. A gaban kanti suka haɗu.

"Na ga sunanka babu a takardar," in ji Halvard. "Allura kake tsoro, tsoho?"

"Wa ye tsoho? Wata huɗu ka ba ni."

"To ko kana tsoron su gano sirrin hodarka a jininka ne? Kwantar da hankalinka, babu mai so."

Washegari Torleif ya je ya ba da kwalba uku.

Bayan mako biyar likitar ƙauye ta kira shi. Mace ce mai magana a hankali, ta juyo masa takardar don ya gani da idonsa.

"A ma'aunin sinadarin hodar nan a jini, yawancin mutane suna kusa da biyu," in ji ta. "Kai kana arba'in da shida."

Kafin ta rufe baki ya raba lambarsa da biyu. Ninki ashirin da uku.

"Wato na gama ke nan?"

"A'a. Ƙodarka lafiya lau. Kitsen jininka ya hau, za mu bi shi. Babu wanda zai ce maka lallai za ka kamu da wani abu. Abin da aka gani shi ne masu yawan sinadarin nan sun fi haɗuwa da matsalar kitsen jini da ta hanta da ta maƙoshi, akwai kuma wasu cututtukan ƙoda da ake dangantawa da shi. Shi ya sa za mu riƙa duba ka."

"Wace ƙwaya ke fitar da shi?"

"Babu wadda zan rubuta maka yau. Jiki ne ke zubar da shi da kansa, kamar rabi a cikin shekara uku." Ta ɗago ta dube shi. "Kakan yi zazzaɓi bayan aikin?"

Ya ce yakan yi. Ta ce hayaƙin ne, ba sanyi ba.

"Da takunkumi kake aiki?"

"Yana nan a ɗakin," in ji Torleif, kuma bai yi ƙarya ba.

"Ƙurar buroshi ma ana shaƙarta, ba hayaƙin kaɗai ba. Akwai wanda ke tsayawa tare da kai? Na tambaya ne musamman saboda mata, don yana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, yana kuma bi ta nono."

Ya tuna da 'yarsa. Ingunn tana da cikin wata bakwai, na fari, bayan shekara huɗu suna nema ita da mijinta. A watan Janairu ake sa ran haihuwa.

"Ni kaɗai ne," ya ji bakinsa ya faɗa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da tara yana cewa man shanu, bakinsa ya saba da rufe ƙofa.

Kwana tara ya yi da maganar a cikinsa. Ya gaya wa Gunvor kitsen jini ne kawai, ta rage masa cukui. Da rana, in ta fita, sai ya yi takunsa sittin da biyu, ya ɗauko littattafan daga akwati, ya zauna a kan dakalin waje yana bin shafukan da yatsa. Duk inda ya ga harafin nan a gefe sai ya ja layi a bayan ambulan. Layi ɗari da hamsin da huɗu. Kowace rana awa uku, in aka daidaita. Awa ɗari huɗu da sittin da biyu.

To ga inda ɗari taranmu ta dawo. Ya sa agogo a gwiwa ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ya ninka. Dubu ɗari huɗu da dubu goma sha biyar da ɗari takwas. Numfashin 'yarsa ke nan a ɗaki mai mita uku da huɗu, ƙofa a rufe, kwali a taga, don kada Halvard ya ga launin gwangwani.

Ya nemi sauƙi ta wani lissafin. Shekara bakwai rabonta da buroshi: rabi ya fita, rabin rabi ya fita, saura ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Amma kashi ɗaya cikin huɗun nawa? Wannan lambar ce babu a littafi ko ɗaya. In ya faɗa mata, zai ɗora wa mai ciki tashin hankali kan abin da ba shi da magani. In ya yi shiru, za ta shayar da jaririn ba tare da ta san akwai abin tambaya ba. Sau shida ya ɗauki waya. Sau shida ya tambaye ta ko sun canja wa motarsu tayoyin hunturu.

"Baba, mun canja. Tun makon jiya na gaya maka. Lafiyarka kuwa?"

"Lau."

A rana ta goma, wata Asabar, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, santimita goma sha biyu. Da hantsi sai ga motar Ingunn. Ta fito tana dafe da ƙugu, ta sha gahawa rabin kofi, ta ci wafal uku, sannan ta miƙe.

"Baba, ba ni makullin ɗakinka. Jirgina na zo ɗauka."

Jirgin da take nufi shi ne ɗan ƙaramin jirgin katakon da ake kwantar da jariri a ciki, a rufa masa buzu, uba ya ɗaura igiya a ƙugu yana jansa a kan ƙanƙara. Kakan Ingunn ne ya sassaƙa shi. A cikinsa aka ja Torleif, a cikinsa aka ja ta. Tun tana da shekara uku aka ɗora shi a kan azarar ɗakin shafa kaki, da buzunsa a shimfiɗe, daidai saman tebirin aiki. Shekara ashirin da takwas. Cikin duk lissafin da ya yi a kwana taran nan, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi sama ba.

"Bari sai wani makon," in ji shi.

"Yau nake da wurin sa shi a mota. Kakkaɓe buzun kawai zan yi."

"Kada ki kakkaɓe komai."

Ta riga ta zare makullin daga ƙusarsa ta fita. Ya bi ta ba hula. Tana tafiya a hankali saboda nauyi, shi ya sa ya riga ta isa, ya tsaya ya tare bakin ƙofar.

Ingunn ta yi dariya. "Har yanzu? Baba, ni ce fa, ba Halvard ba. Babu gwangwanin da ban san ƙamshinsa ba a ɗakin nan."

"Shi ne ai," in ji Torleif.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zaro takardar likita daga aljihun ciki, inda ta kwana tara, ya miƙa mata tare da ambulan mai layuka. Ya faɗa mata biyu, ya faɗa mata arba'in da shida. Ya faɗi abin da likita ta ce game da ciki da nono. Ya faɗi cewa an tambaye shi ko akwai wani, ya ce babu. Gunvor ta biyo su da hularsa a hannu, ta tsaya taku biyar daga nan tana ji.

Ingunn ta karanta takardar sau biyu. Hannunta ɗaya ya sauka a kan cikinta.

"Yaushe aka ba ka wannan?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kana tambayata tayoyi."

Ta ɗaga ambulan ɗin.

"Waɗannan layukan fa?"

"Ranakun da kika yi buroshi."

"Ka ƙirga su, amma ba ka kira ni ba." Muryarta ba ta ɗaga ba, kuma hakan ya fi masa ciwo. "Baba, shekarun can ban riƙe ka ba, babu wanda ya sani, ni ma ina son aikin. Kwana taran nan ne naka."

Gunvor ta matso ta ɗora masa hular a ka da ɗan ƙarfi. "Ni kuma ka bar ni ina rage maka cukui."

Ingunn ta ce tana so ta ga jirgin, ko daga nesa. Torleif ya sa suka ja da baya, ya buɗe ƙofar, ya ciro takunkumin daga kan ƙusa, ya ga matatunsa sun daɗe da mutuwa, ya mayar. Ya riƙe numfashi, ya miƙa hannu da sandar siki ya ɗan taɓa gefen buzun sau ɗaya tak. Ɗakin da duhu saboda kwalin taga, sai ya kunna tocilar da ke rataye a bakin ƙofa ya haska ta a gicciye. A cikin hasken sai ga ƙurar, fara fat, tana saukowa a hankali kamar ana tankaɗe gari, tana juyawa, ba ta da niyyar zama. Ya duba agogo. Minti goma sha ɗaya tana yawo a iska.

"A cikin wannan zan kwantar da shi," in ji Ingunn a hankali.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas ta kira ungozomarta, Torleif kuma ya kira likita ya gyara amsarsa. Ranar Laraba aka ɗebi jininta. Aka ce sakamako sai bayan mako biyar ko shida, haihuwa kuwa saura mako takwas.

Bai iya zama ya jira ba. Ya sayo sabon takunkumi da safar hannu da rigar leda. Ya yage kwalin taga. Ya ɗaure buzun a leda biyu, ya haɗa da gwangwani sittin da uku da buroshi goma sha tara, ya kai wurin karɓar shara mai guba. Bai yi shara da tsintsiya ba, da jiƙaƙƙen tsumma ya bi bango da azara da ƙasa, sau huɗu. Jirgin kuwa ya wanke shi a waje sau uku, ya shafe shi da sabon fenti, duk da haka ya ce sai likita ta amince.

Sannan ya yi abin da ya fi wankin wuya. Ya zuba littattafan ashirin da tara a kwali, ya tsallaka gada, ya ajiye su a kan tebirin kicin ɗin Halvard.

Halvard ya dubi kwalin, ya dube shi. "Mutuwa za ka yi ne?"

"Nawa suka ba ka?"

"Talatin da takwas."

"Arba'in da shida."

"To ka ci wannan ma," in ji Halvard, amma bai yi dariya ba.

"Wa ke yi maka buroshi?"

Halvard ya daɗe yana juya kofinsa. "Matar ɗana, hunturu shida. Da ƙanwar matata kafin ita."

"Ka gaya musu?"

"Ina jiran lokacin da ya dace."

"Ni kwana tara na jira, bai zo ba. Ɗauko wayarka, ina zaune."

Sakamakon Ingunn ya zo saura kwana goma sha shida ta haihu. Bakwai. Ninki uku da rabi na sauran mutane, nesa da na ubanta. Likita ta zauna da ita minti arba'in, ta ce a irin wannan mataki amfanin nono ya rinjayi abin da ake tsoro, ta shayar, za su riƙa bin yaron da awo da rigakafinsa a kan lokaci. Ba ta ce babu komai ba, Ingunn ma ba ta nemi a ce mata haka ba.

An haifi yaron ranar sha tara ga Janairu, kilo uku da giram ɗari biyu. Torleif ya tambayi nas ko da ya fi haka in ba don hodar ba. Ta ce babu mai iya sanin wannan. Tambayar tana nan tare da shi, kuma da alama ba za ta bar shi ba. Ya buɗe sabon littafi, na talatin, yana rubuta nauyin jikansa duk mako. Wannan kowa na iya buɗewa. Ranar Asabar har yanzu yana shafa kaki, ƙofa a buɗe, fanka a taga, takunkumi a fuska. Alluna biyu ya ƙona a hunturun bana, Halvard bai bar shi ya manta ba. A watan Maris ya ja jirgin kilomita biyu da sabon buzu, sau goma sha huɗu yana waiwayawa.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka taɓa taka siki ba, amma kana da ɗakin da kake aiki, ko na fenti ne, ko na walda, ko na niƙa, ko na ɗinki. Gobe in ka tashi daga aiki, kashe fitila, ka haska tocila a gicciye a tsakiyar ɗakin, ka duba agogo ka ga minti nawa ƙurar za ta yi kafin ta kwanta. Ka ninka awannin da kake yi a ciki da ɗari tara. Sannan ka rubuta sunan duk wanda ke tsayawa kusa da kai, ka faɗa masa a ranar, ba bayan kwana tara ba. Minti goma sha biyar ya ishe ka. Don Allah ka gwada.